Ginin da ake cewa yana kare muhalli: amfani ne na gaske ko ƙarin kashe kuɗi?

Dan_Kumbotso:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da fuloti a bayan Kumbotso, ina so in sa harsashi bayan damina in Allah ya yarda. Mai zanen da na kai wa aikin ya ba ni shawara in bar bulon siminti, in yi da bulon jar ƙasa wanda ake matsewa da inji, a ɗaga rufi sama, a sa sola da tankin tara ruwan sama. Ya ce irin ginin da ke kare muhalli ke nan, kuma duniya can ta dosa. Sai dai kuɗin da ya lissafa min ya ɗara na ginin da kowa ke yi. Shi ne nake tambaya: wannan kare muhallin da gaske ne? Gida ɗaya mai ɗaki huɗu me zai rage wa duniya? Kuma shi ba shi da tasa illar? Masana da waɗanda suka taɓa zama a irinsa, ku taimaka min da shawara.

Inj_Bashir:
Wa alaikumus salam. Malam, mai zanenka bai yaudare ka ba, amma bari in nuna maka inda maganar ta samo asali. Siminti ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa, a gasa shi a wuta mai zafin digiri 1,450. Hayaƙi biyu ke fita: na makamashin da aka ƙona, da kuma iskar kabon da dutsen kansa ke saki idan ya gasu. Na biyun ma ya fi yawa, kuma ko da hasken rana ka gasa shi sai ya fita. Shi ya sa siminti kaɗai ke da kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya. Idan aka haɗa gine-gine gaba ɗaya, yin su da wutar da ake sha a cikinsu, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta kusan kashi 37 na hayaƙin da ya shafi makamashi.

Bulon da aka ce ka yi shi ma akwai siminti a ciki, amma kaɗan ne, kashi 5 zuwa 8 na haɗin, kuma ba a gasa shi. Idan an iya jera shi ba sai an yi masa filasta ba, ka ga nan ma ka tsira da buhuna masu yawa. Gida ɗaya ba zai sauya yanayin duniya ba, wannan gaskiya ne. Amma ka tsaya a hanyar Zariya ko ta Madobi ka ƙirga gidajen da ke tashi a shekara.

Magini_Zazzau:
Ni dai abin da ke ba ni mamaki, sai Bature ya sa wa abu sabon suna sannan mu yarda da shi. Kakanninmu da me suka yi gini? Tubali, azara, makuba. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, bakan gizon da ke cikinsa da ƙasa da azara aka ɗaure shi. Ku shiga Gidan Makama a Kano da azahar a watan Afrilu, ku fito ku shiga ɗakin kwano mai silin ɗin roba, jikinku zai ba ku amsa. Ɗakin kwano tanda ne kawai. Bangon ƙasa mai kauri shanye zafin yake yi da rana, ba ya barin sa ya shigo.

Hadejawa22:
Baba Magini, Allah ya ƙara girma, amma a faɗi ɗaya gefen. A ambaliyar 2022 a yankinmu na Haɗejiya gidajen ƙasa ne suka fara zubewa. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasar ta jiƙe, cikin dare sai ka ji rugugi. Na taya maƙwabta tono kayansu daga ƙarƙashin azara, katifa da buhun gero duk sun zama laka. Wanda ya ga wannan da idonsa ba za ka ce masa ya koma ginin ƙasa don a ceci duniya ba. Ransa yake so ya ceta tukuna.

Magini_Zazzau:
Allah ya kiyaye gaba, ya mayar muku da alheri. Ɗana, ban musa ba. Amma ka tambaya, waɗancan gidajen an yi musu harsashin dutse? Yaushe rabon da a yi musu yaɓe? Ginin ƙasa yana son a tsare masa ƙafa da kai: gindi ya tashi daga ƙasa da dutse ko kankare, sama kuma a sa indararo mai tsawo da zai jefa ruwa nesa da bango. A da kafin kowace damina mai gida zai kira magini a duba soro. Yanzu an daina, sai a ce ƙasa ce ba ta da ƙarfi. Kuma wurin da ruwa ke kwanciya kwana da kwanaki, ko ni ba zan ce a yi ginin ƙasa a can ba.

Inj_Bashir:
Ƙari kan maganar Baba: bulon da ake matsewa da inji daban yake da tubalin hannu, ya fi shi jure ruwa nesa ba kusa ba. Amma a fadama ko hanyar ruwa kowane irin gini yana cikin haɗari. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, a Maiduguri ruwan bai tambayi da me aka yi bango ba.

Ummu_Hanifa:
Ku maza kuna ta maganar bango. Mu da muke wuni a cikin gidan bari mu faɗi namu. Na tashi a gidan ƙasa a cikin birni, yanzu ina aure a gidan siminti. Da rana gidan ƙasa ya fi sanyi, babu gardama. Amma da daddare a lokacin bazara zafin da bangon ya sha sai ya dawo da shi ciki, dole a fito tsakar gida a shimfiɗa tabarma. Sannan ga ƙasa da ke zubowa kan gado, ga gara da ke cin azara, ga kunama a tsagar bango. Duk wanda zai dawo mana da ginin ƙasa ya zo da maganin waɗannan.

Abin da na fi kewa ba bangon ba ne, tsakar gidan ce da bishiyar darbejiya. Gidan da nake yanzu an shafe ko'ina da intalok, babu ko tsiro ɗaya. Da rana yara ba sa iya taka ƙasa ba takalmi, in an yi ruwa kuma duk ya kwarara titi ya shiga gidan na ƙasa da mu.

Malama_Rabi:
Ummu Hanifa kin taɓo inda ya kamata. Intalok da kankaren da muke shafe gidaje da su suna hana ruwa nutsewa, rijiyoyi na ƙafewa, kowa na ƙara zurfin burtsatse, titi kuma na cika da ruwa. Dan_Kumbotso, ko da bulon siminti ka yi, ka bar wani yanki na tsakar gida da ƙasarsa, ka dasa bishiya biyu ta yamma inda rana ke dukan bango da la'asar. Wannan kusan kyauta ne.

DanTawa:
Salamu alaikum daga Nijar. Ina bin muhawarar, na ce bari in sa baki don abin da kuke magana a kai muna da shi a ƙasa, ba a takarda ba. A garin Dandaji cikin jihar Tawa, mai zanen gini Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da irin wannan bulon ƙasa da ake matsewa, tsohon masallacin kuma ba a rushe shi ba, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. An gama a 2018. A Yamai ma akwai gidajen da ake kira Niamey 2000, benaye ne na bulon ƙasa. Kafin su duka akwai masallacin Yama da Falke Barmu ya fara ginawa a 1962, ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986, shi kuwa magini ne na gargajiya. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, da ƙasa aka yi ta, tana nan tsaye.

Matsalar da nake gani a nan wajenmu ta zuciya ce. Mutum ya samu kuɗi, abu na farko shi ne ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na siminti da kwano, don kada a ce bai ci gaba ba. Sai zafi ya dame shi, ya sayi na'urar sanyaya ɗaki, wuta kuma ba ta tsayawa.

Abu_Khalil:
Wallahi DanTawa gaskiya ka faɗa. Ka je neman aure a ce gidan ƙasa za ka ajiye yarinya, ka ga yadda fuskar iyaye za ta sauya.

Dattijo_Fagge:
Ina da tambaya ga masu yabon ƙasa. Ita ƙasar daga ina za a ɗebo ta? Ku da kuka san Kano, kududdufan da ke cikin birni ai ramukan da aka haƙi ƙasar gini ne. Suka zama matattarar ruwa da shara da sauro, yara na faɗawa. Idan mutanen Kano na yanzu kowa ya ce da ƙasa zai yi gini, gonakin wa za a farke? Sannan azara daga giginya ake samun ta, giginya kuwa ba ta girma a shekara goma. An sare ta har ta yi wuya. To kun ga shi ma ginin gargajiyar ba kyauta muhalli ke ba da shi ba.

Inj_Bashir:
Baba Dattijo, tambayarka tana kan hanya. Ƙasar da ake so ta ƙarƙashi ce, ba ta saman da ake noma ba, kuma sau da yawa wadda aka haƙo daga harsashi da ramin masai tana rage wani abu. Amma a babban aiki dole a sayo, kuma idan ba a mayar da ramin ba an yi ɓarna. Sai dai a tuna shi ma bulon siminti yashi yake ci. A je bakin kogunanmu a ga yadda tifofi ke kwasar yashi har gaɓa na zaizayewa, gonakin bakin ruwa na rufzawa.

Wanda ya fi duka muni a wurina shi ne jan bulo da ake gasawa da itace. Mutane na ganin launin ƙasa sai su ɗauka shi ne mai kare muhallin, alhali daji aka ƙona aka yi shi. Dan_Kumbotso ka tabbatar wanda za a yi maka na matsewa ne, ba na gashi ba.

Batun azara kuma akwai hanyar kauce mata. A Burkina Faso tun wajen shekarar 2000 wata ƙungiya ke koya wa magina rufin ƙasa mai lanƙwasa irin na mutanen Nubiya, babu itace babu kwano, ta kai shi har Mali da Senegal da arewacin Ghana.

MaiSola_Kd:
Bari in yi magana a kan sana'ata, don ita ma ana yabonta fiye da kima. Farantin sola yana iya kai shekara 25 yana aiki, wannan ba matsala. Batir ne damuwar. Na ruwa mai dalma 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu, musamman a zafinmu. Ina yake zuwa? 'Yan gwangwan su saya, a fasa shi da guduma, a zubar da ruwan asid a ƙasa, a narka dalmar a fili, yara na wasa a gefe. Na gani da idona a bayan wata kasuwa, mai fasawar ko safar hannu babu. Mu a Arewa mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, duk da cewa waccan daga haƙar zinare ta fito. Batirin litiyam ya fi daɗewa amma ya fi tsada, kuma shi ma haƙo ma'adinansa ake yi a wata ƙasar, wasu na shan wahalar.

Duk da haka in aka ce in zaɓa tsakanin sola da janareta yana ta hayaƙi a zaure har asuba, sola zan ɗauka. Shawarata dai, a fara gina gidan da ba ya buƙatar wuta mai yawa, sannan a sa sola ƙarama. Mutane na yin akasin haka: su gina ɗaki mai zafi, su sa na'urar sanyaya ɗaki uku, sannan su zo a haɗa musu batir goma sha biyu, su ce sun kare muhalli.

Dan_Kumbotso:
Allah ya saka da alheri, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya. Injiniya, zafin dare da Ummu_Hanifa ta ambata fa? Shi ya fi tsaya min a rai, don iyalina ba za su yarda da kwanan waje ba.

Inj_Bashir:
Shi ne dalilin ɗaga rufin da mai zanenka ya ce. Ka duba makarantar firamare da mai zanen gini Francis Kéré ya gina a ƙauyensu Gando a Burkina Faso a 2001. Bango na bulon ƙasa, silin na bulo, sannan kwano a can sama a kan ƙarafa, da tazara a tsakani. Kwanon na tare rana da ruwa, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa ta kwashe zafin, kuma ya zarce bango sosai yana yi masa inuwa. Mutumin nan shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci Pritzker, babbar kyautar zanen gine-gine ta duniya, a 2022. Kai kuma ka sa tagogi masu fuskantar juna, da ƙananan kafofi can kusa da silin masu raga saboda sauro, a buɗe da daddare zafi ya fita ta sama. Ba zan ce maka a tsakiyar Afrilu ba za ka kunna fanka ba. Za ka kunna. Amma fanka da na'urar sanyaya ɗaki ba ɗaya ba ne a cin wuta, balle da wuta ta yi tsada, don a Afrilun 2024 an kai kuɗin yunit ɗaya na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225. Iskar gas ɗin da ke cikin yawancin na'urorin ma idan ta tsiyaye, ƙarfinta wajen ɗumama duniya ya ninka na kabon kusan sau 2,000.

Bakon_Landan:
Daga nan Ingila abin ya sha bamban, mu sanyi muke yaƙa. Ana lulluɓe gidaje da abin riƙe ɗumi a toshe duk wata kafa don a rage gas ɗin ɗumama ɗaki. Yana ragewa ƙwarai. Amma idan ba a yi hanyar shigar iska da kyau ba sai danshi ya taru, bango ya yi baƙin fumfuna, yara su kama ciwon ƙirji. Kuma kowa a nan yana tuna benen Grenfell da ya ƙone a 2017, mutum 72 suka rasu. Abin da aka lulluɓe benen da shi lokacin gyara ne ya ɗauki wutar ya kai ta sama. Ba niyyar rage makamashin ce laifi ba, kayan da aka zaɓa ne da sakacin masu sa ido. Ina faɗa ne don kada a ɗauka duk abin da aka liƙa wa sunan muhalli lafiyayye ne.

Malama_Rabi:
Haka ne. Akwai tagwayen benaye a birnin Milan na Italiya da aka gama a 2014, an dasa bishiyoyi kusan 800 a barandunsu, hotonsu ya zaga duniya. Kyau kam akwai. Amma sai da aka ƙara kankare da rodi don su ɗauki nauyin ƙasa da bishiyoyin, ga ban ruwa, ga ma'aikata masu saukowa da igiya suna aski. Talaka ba ya iya kama haya a ciki. Ni wanda ya fi burge ni shi ne ginin Eastgate a Harare, na 1996, wanda Mick Pearce ya zana yana koyi da yadda iska ke zagayawa a shurin gara. Da daddare ake jawo iska mai sanyi ta sanyaya kankaren, da rana ginin ya yi amfani da sanyin. Wannan ya yi daidai da yanayin wurin. Mu kuwa sai a kafa bene na gilashi tun daga ƙasa har sama a Abuja, rana na dukan sa ta ko'ina, janareta na ruri a baya.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi. Nan ruwan sama ya fi naku yawa, don haka tankin da aka ce wa ɗan'uwa ya sa ni shi na fi goyon baya. Amma a rufe shi ruf, a sa raga a bakin bututu, kuma ruwan farko da ya wanke ƙurar rufi da kashin tsuntsaye a bar shi ya zube. In ba haka ba ka gina wa sauro gida da kuɗinka.

Hadejawa22:
Kuma a Kano damina wata huɗu ce. Tanki nawa zai ajiye da zai kai shi bazara? Ni ina ganin wannan kuɗin gara ya sa shi a harsashi mai kyau.

Dan_Haya:
Duk wannan muhawarar ta masu fuloti ce. Mu 'yan haya fa? Mai gida zai gina ɗaki ciki da falo da bulo mafi araha, taga ɗaya ƙarama, kwano kusa da kai, don ba shi zai kwana a ciki ba. Zafin namu ne, kuɗin wuta da na fetur namu ne. Shi ba abin da zai sa ya kashe ƙarin sisi. In hukuma ba ta sa doka a kan tsayin rufi da yawan taga da barin fili ba, kuma ta bi ta duba, to gine-ginen nan masu kare muhalli za su tsaya a unguwannin masu hali ne kawai.

Abu_Khalil:
Ga kuma wani abu. Rukunin gidajen da ake tallatawa da sunan muhalli yawanci a bayan gari suke, an share gona ko daji an yi su. Mai gida da uwargida kowa da motarsa, kullum sai an shigo gari an koma. Man da za a ƙona a hanya bai cinye abin da sola ta rage ba?

Dattijo_Fagge:
To ai shi ya sa nake jin ciwon yadda ake rushe tsofaffin gidajen cikin birni a kafa shaguna. Gidan da ke tsaye an riga an biya kuɗinsa, an riga an ɗebi ƙasarsa. Gyara shi ya fi sauƙi ga muhalli a kan sabon gini kowane iri ne. Mutanen Dandaji da DanTawa ya ba da labari sun yi hankali da ba su rushe tsohon masallacinsu ba.

Magini_Zazzau:
Alhaji, gyaran ma wa zai yi? Yaran da na koya wa aiki duk sun koma birkilolin siminti, don can kuɗi yake. Wanda ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai bakan gizo, yanzu sai an yi cigiya. Dan_Kumbotso, kafin ka biya kuɗin bulon nan ka nemi wanda ya taɓa jera shi, ka je ka ga aikinsa da ya sha damina biyu ko uku. In ka ba wa wanda bai saba ba zai yi maka haɗin da bai kai ba, ya ƙi ba bulon ruwa ya nuna, bango ya tsage, gobe a ce ƙasa ce ta yi laifi.

Ummu_Hanifa:
Kuma don Allah a tambayi matar gidan inda za a sa kicin. Kada a manna shi ta yamma ba taga, a bar ta da zafin rana da na wuta da hayaƙi.

MaiSola_Kd:
Injiniya, tambaya ɗaya kafin in fita aiki. Rufin nan mai tazara, iskar farkon damina ba za ta shiga ƙarƙashinsa ta yaye shi da farantan solar duka ba? Mun ga yadda take yi wa makarantu a ƙauyuka.

Inj_Bashir:
Za ta iya, in an yi shi da katako da ƙusa kamar yadda aka saba. Dole a ɗaure ƙarafan rufin a cikin linta ta kankare da ta zagaye ginin, a yi walda mai kyau, kuma a lissafa nauyin farantanka tun a zane, ba sai an gama ka zo ka huda kwano ba. Ka ga nan ma siminti da ƙarfe sun dawo, ba a rabuwa da su gaba ɗaya. Dan_Kumbotso, ka ce wa mai zanen ya ba ka lissafi biyu a rubuce, buhun siminti nawa kowane gini zai ci har da filasta da fenti, ka turo mana nan mu duba tare. Kuma ka gaya mana fulotin naka tudu ne ko kwari, don maganar Hadejawa22 tana nan.